Saba Mai Maƙalewa Jefi-jefi: Wane Kayan Bincike Ya Dace Ka Ɗora Mata?

Manhajar da ta mutu gaba ɗaya ba ta cika ba da wahala ba, domin takan bar saƙon kuskure, ka karanta ka gyara. Mai cin rai ita ce wadda ke aiki sumul, can sai ta tsaya cak na daƙiƙa 20 ko minti 2, ta kuma saki da kanta kamar ba a yi komai ba. Ma'aikata su buga maka waya su ce, "Injiniya, abin nan ya sake yin hangin," kafin ka hau mashin daga Tumfure ka iso Jekadafari komai ya daidaita. Ka buɗe top, umarnin da ke nuna abin da saba ke yi, ka tarar CPU na hutawa, RAM kuma akwai saura. Mai wurin dai tuni ya fara tambayar kuɗin sabuwar saba.

Wannan rubutu na masu kula da ƙananan sabobi ne irin waɗanda suka yawaita a Gombe: fotal ɗin sakamakon ɗalibai, rumbun bayanan marasa lafiya a asibiti mai zaman kansa, cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, manhajar lissafin kaya a kantin magani. Na ɗauka Linux ke kan sabarka. Masu Windows, maganarku na can ƙasa.

Riƙe wannan kafin mu auna kayan: manhajar da ta tsaya alhali CPU ba ya aikin komai, jira take yi. Ko tana jiran faifai ya amsa, ko wani ya saki makulli a rumbun bayanai, ko amsa daga wata na'ura ta intanet, ko a dawo mata da bayanan da aka kora zuwa swap, wato sashen faifai da ake juye bayanai in RAM ta cika. Linux na yi wa kowane aiki alama: R yana gudana ko yana layin CPU, S yana barcin da za a iya tashinsa, D yana barcin da ba a katse shi, galibi saboda faifai ko NFS, wato hanyar buɗe fayilolin da ke kan wata na'ura ta netwok. Aikin da ke cikin D, sau da yawa ko kill -9, umarnin kashe aiki da ƙarfi, ba ya taɓa shi har sai abin da yake jira ya zo. Kuma Linux na lissafa irin waɗannan ayyuka cikin ma'aunin nauyin saba (load average), shi ya sa za ka ga nauyi ya haura 30 amma CPU a sake yake. To, tambayar da kowane kayan bincike zai amsa ita ce: me ake jira, kuma wa ke riƙe da shi?

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko, kuma shi ne babba: kayan yana kama abin ko ba ka nan, ko sai kana zaune gaban allo? Matsalar da ke zuwa sau biyu a mako ba za ta jira ka ba. Na biyu, zurfin amsa: yana cewa "an tsaya" kawai, ko yana nuna inda aka tsaya? Na uku kuɗi. Duk kayan da zan ambata kyauta ne, amma suna cin RAM, suna cin faifai, suna cin data wajen saukewa, suna kuma cin lokacinka. Na huɗu ɗorewa: in aka ɗauke wuta inbata ta mutu, in aka sabunta kanel, wato zuciyar Linux, ko kai ka bar aikin wani ya gaje ka, shin shaidar na nan? Sai sauƙin koyo, sai haɗarin da kayan ke jawo wa sabar da mutane ke aiki a kanta.

Masu ajiye tarihi: sysstat da atop

Waɗannan kamar littafin maigadi ne a bakin ƙofa: ba ya hana komai faruwa, amma da safe ka san wa ya shiga da ƙarfe nawa. sysstat shi ke kawo sar, iostat da pidstat. atop kuma yana ajiye hoton kowane aiki, da abin da ya ci na CPU, RAM da faifai, a /var/log/atop. Da atop -r za ka koma jiya da ƙarfe 9:40 ka ga wanda ya danne faifai.

Akwai tarko guda da ke sa mutane su ce kayan ba su da amfani. Dukansu biyu suna ɗaukar awo ne duk bayan minti 10 in ba ka canza ba. Tsayawar daƙiƙa 20 cikin daƙiƙa 600 kusan kashi 3 cikin ɗari ce kawai, ta narke cikin matsakaicin lissafi ba za ka gan ta ba. Rage tazarar atop zuwa daƙiƙa 30 ko ma 10 a /etc/default/atop, ka sa ido kan girman fayilolin. A Debian da Ubuntu kuma tabbatar sysstat a kunne yake, don ɗora shi kaɗai ba koyaushe ke sa ya fara tattara awo ba.

Haɗa su da abubuwa biyu da kanel ke bayarwa a banza. Tun daga Linux 4.20, a ƙarshen 2018, akwai /proc/pressure, inda fayilolin cpu, memory da io ke faɗin kaso nawa na lokaci ayyuka suka ɓata suna jira, a daƙiƙa 10, 60 da 300 da suka wuce. Wannan lamba ta fi ma'aunin nauyi faɗin gaskiya nesa ba kusa ba. Na biyu shi ne dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel. In ka ga layin da ke cewa wani aiki ya kasance "blocked for more than 120 seconds", kanel da kansa ya kama shi, ya kuma rubuta inda ya maƙale. Amma ka duba ko akwai /var/log/journal. In babu, journald, mai tattara kundayen saba, na ajiye komai a RAM ne, ana ɗauke wuta shaidar ta tafi. Haka nan batirin agogon allon uwa (motherboard): in ya mutu, lokacin da ke cikin kundin ba zai yi daidai da lokacin da ma'aikata suka yi ƙorafi ba. Ɗora chrony, mai daidaita agogon saba.

Kuɗin sysstat da atop kaɗan ne ƙwarai, haɗari kusan babu, suna tashi da kansu bayan an kunna saba. Rauninsu shi ne suna nuna maka ɓangaren da matsalar take, ba sa nuna layin da manhaja ta tsaya a kai. In jiran makulli ne a rumbun bayanai, za ka ga saba shiru kawai.

Na ga amfaninsu a wata makaranta mai zaman kanta cikin garin nan. Fotal ɗinsu na cijewa kowace safiya jim kaɗan bayan an buɗe ofis, kowa na zargin netwok. atop ya nuna faifai a cike da aiki a daidai lokacin, kuma ba fotal ɗin ke cinsa ba. Ashe ana kashe sabar da yamma idan an kashe janareta, ayyukan da aka tsara wa tsakar dare, irin su juya kundaye da binciken sabuntawa, sai su taru su tashi gaba ɗaya da zarar an kunna ta. Haka systemd, mai tayar da ayyukan saba, ke yi wa duk agogon aiki mai Persistent=true. Umarnin systemctl list-timers ya fallasa su, aka mayar da su bayan la'asar. Wannan cuta ce ta wuraren da saba ba ta kwana a kunne, kuma ba kasafai littattafan waje ke kawo ta ba.

Shaidar manhajar kanta

A ganina nan ne aka fi samun amsa da ƙaramar wahala, nan ne kuma aka fi sakaci. Kusan kowace babbar manhaja na da hanyar faɗin abin da ya riƙe ta, sai dai a kashe take zuwa.

In PHP-FPM kake amfani da shi, saita request_slowlog_timeout zuwa daƙiƙa 5 tare da fayil ɗin slowlog. Duk buƙatar da ta wuce haka, za a rubuta maka fayil da lambar layin da take kai. Duba kundinsa kuma ko akwai gargaɗin an kai pm.max_children, wato duk ma'aikatan manhajar sun shagala, sababbin baƙi na layi. A MySQL da MariaDB, kunna kundin tambayoyi masu jinkiri, ka rage long_query_time daga daƙiƙa 10 da yake zuwa da ita zuwa 1 ko 2. Lokacin da abin ke faruwa, SHOW PROCESSLIST zai nuna masu jiran makulli. Sau da yawa mai laifin mysqldump ne da aka sa ba tare da --single-transaction ba, yana kulle tebura har ya gama kwafi. A PostgreSQL kunna log_lock_waits, ka kuma duba pg_stat_activity, wanda tun sigar 9.6 yake faɗin irin jiran da kowace haɗuwa ke yi. Manhajar Java kuwa, jstack ko kill -3 zai fitar da matsayin kowane zare (thread), wato kowane reshen aiki da ke gudana cikinta, ba tare da kashe ta ba. Ɗauki uku a jere da tazarar daƙiƙa 5. Zaren da bai motsa daga wuri ɗaya ba shi za ka bi. Masu Python suna da py-spy dump.

Tsawon tsayawar ma shaida ce, don haka ka sa ma'aikata su riƙa duba agogo. Tsayawar da kullum take daƙiƙa 5 ko 10 cif tana warin DNS, wato neman adireshin na'ura ta sunanta, domin daƙiƙa 5 Linux ke jira kafin ya sake tambaya. Wannan na yawan faruwa in layin intanet ya faɗi alhali manhajar cikin gida na neman sunan wata na'ura. A MySQL skip-name-resolve na maganinsa. Daƙiƙa 50 ita ce iyakar jiran makulli a InnoDB, injin ajiya na MySQL. Daƙiƙa 30 ita ce iyakar da kanel ke bai wa faifan SATA kafin ya sake tashinsa, don haka in ka ga 30, gudu ka duba smartctl, mai nuna lafiyar faifai, musamman lamba 5 da 197 masu ƙirga gurɓatattun sassa. Kusan daƙiƙa 127 kuwa shi ne lokacin da Linux ke ɓatawa yana ƙoƙarin haɗuwa da na'urar da ba ta amsawa, kamar ƙofar biyan kuɗi ko mai tura saƙon tes, in mai rubuta manhajar bai sa iyaka ba.

Kuɗin wannan hanya layi biyu ko uku ne a fayil ɗin saiti. Tana ɗorewa muddin ba a goge saitin ba, sai dai ka haɗa kundayen da logrotate kada su cika faifai su haifar da sabuwar matsala. Iyakarta: in laifin daga ƙasa yake, faifai ko swap, za ta nuna maka tambayoyi barkatai duk sun yi jinkiri lokaci guda, ba za ta ce me ya sa ba.

strace da gdb

strace tsoho ne, tun 1991, kuma shi kowa ke fara ba da shawara. Yana nuna duk kiran da manhaja ke yi wa kanel. Da strace -f -T -tt -p sai lambar aiki, za ka ga kira kamar connect, futex ko fsync da tsawon lokacin da ya ɗauka. In ka dace kana wurin, amsar takan fito cikin minti ɗaya, ƙarara.

Amma ka san abin da kake ɗauka. strace na amfani da ptrace, yana tsayar da manhajar sau biyu a kowane kira, shiga da fita. Manhaja mai yawan kira za ta iya yin nauyi ninki-ninki. Ɗora shi kan rumbun bayanai ana tsakiyar jarrabawa ganganci ne. Na biyu, yana buga farkon abin da manhaja ke karantawa da rubutawa, har da kalmar sirri da sunayen marasa lafiya, don haka kada ka tura fitowarsa a zauren WhatsApp kana neman taimako ba ka tace ba. Na uku, aikin da ya riga ya shiga D ba ya kamuwa, strace ɗin ma sai ya tsaya yana jira. A nan cat /proc/lambar-aiki/stack ya fi shi, ko ka tura w zuwa /proc/sysrq-trigger, kanel ya zuba duk ayyukan da suka toshe cikin dmesg. gdb, kayan da ake leƙa cikin manhaja da shi don gano kuskure, ya fi zurfi, ya kuma fi haɗari, don yana daskarar da manhajar gaba ɗaya har sai ka sake ta.

Ba a barinsu a kunne dare da rana, saboda haka a ma'auni na farko sun faɗi.

eBPF da perf

Waɗannan su ne kayan zamani. perf na cikin Linux tun 2009, gwani ne wajen nuna abin da ke cin CPU, amma matsalarmu ta jira ce, don haka tarin bcc, wanda aka gina kan eBPF, wato hanyar ɗora ƙananan masu awo cikin kanel, ya fi dacewa, wanda Brendan Gregg ya rubuta da yawa daga cikin kayansa. offcputime na tara duk lokacin da manhaja ta yi ba ta kan CPU, da hanyar da ta bi ta kai ga barcin. biolatency da biosnoop na nuna jinkirin faifai ɗaya bayan ɗaya. ext4slower na buga duk aikin fayil da ya wuce iyakar da ka sa, kuma ana iya barinsa yana rubutawa cikin fayil na sa'o'i. runqlat na auna jiran layin CPU, tcpretrans na nuna saƙonnin da aka sake turawa. A Ubuntu sunan kunshin bpfcc-tools, sunayen umarnin na ƙarewa da -bpfcc.

Nauyinsu a kan saba bai kai na strace ba ko kusa, domin cikin kanel ake tara lissafin. Duk da haka offcputime kan saba mai yawan sauya ayyuka yakan ji a jiki, gara ka taƙaita shi ga aiki ɗaya na daƙiƙa 30. Wahalarsu a wani wuri take. Suna son sabon kanel: Ubuntu 22.04 mai 5.15 da Debian 12 mai 6.1 lafiya lau, amma CentOS 7 mai 3.10, wanda tallafinsa ya ƙare ranar 30 ga Yuni 2024, abin da zai ba ka kaɗan ne. bcc na buƙatar kunshin linux-headers da ya yi daidai da kanel ɗinka, in aka sabunta kanel ba a sabunta shi ba sai ya ƙi tashi ranar da kake tsananin buƙatarsa. Saukewar na cin data. Karanta fitowar kuma sai wanda ya ɗan san cikin kanel. A sabar haya mai arha da kuke raba kanel da wasu, ba za a ma ba ka izini ba.

Allon sa-ido: Prometheus, Zabbix, Netdata

Suna zana komai a jadawali, suna aiko da gargaɗi a waya. Netdata na ɗaukar awo kowace daƙiƙa, don haka gajeriyar tsayawa ba ta kuɓuce masa, ɗora shi kuma ba wuya, sai dai yana cin RAM a ƙaramar saba. Prometheus da Grafana sun fi ƙarfi, suna ajiye kwana 15 in ba ka canza ba, amma suna son na'ura ta daban, don mai sa-ido da ke kan sabar da ta maƙale shi ma maƙalewa zai yi. Wata na'ura kuma wani nauyi ne a kan inbata. Babban haɗarinsu barin allon a buɗe ga duniya ba kalmar sirri. Zurfin amsarsu daidai yake da na sar, kyan gani da gargaɗi ne ƙarin.

| Kaya | Kamawa ba ka nan | Abin da yake nunawa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| sysstat, atop, dmesg | E | Ɓangaren da ya toshe da aikin da ya jawo | Ɗan faifai | Sosai | Mai sauƙi | Kusan babu |
| Kundin manhaja | E | Layi ko tambayar da ta tsaya | Ɗan faifai | Sosai | Matsakaici | Cikar faifai |
| strace, gdb | A'a | Kiran da ake jira a kai | Babu | Ba a barinsu | strace da sauƙi | Babba |
| bcc, perf | Wasu daga ciki | Tushen jira har cikin kanel | Data da lokacin koyo | Sabunta kanel na karya bcc | Mai wuya | Ƙarami zuwa matsakaici |
| Allon sa-ido | E, da gargaɗi | Yanayin saba a kan lokaci | RAM ko wata na'ura | Yana son kulawa | Matsakaici | Allo a buɗe |

Wanne ne naka?

In saba ɗaya gare ka a ofis, makaranta ko asibiti, kai kaɗai ke kula da ita kuma kana da wasu wuraren, ɗora atop da tazarar daƙiƙa 30, kunna kundin jinkiri na PHP da na rumbun bayanai, ka ajiye takarda kusa da mai karɓar baƙi a riƙa rubuta lokaci da tsawon kowace tsayawa. Wannan haɗin ya ishi mafi yawan matsalolin da za ka gamu da su, kuma shi nake fara bai wa kowa shawara.

In tsayawar na biyo bayan ɗauke wuta, fara da ƙarfen kafin manhaja. Duba /proc/mdstat ko RAID, wato faifan da aka haɗa suna aiki kamar ɗaya, na sake daidaita kansa, duba smartctl, in kuma katin RAID ne mai batiri, duba ko batirin ya mutu, don in ya mutu katin kan daina tara rubutu a ma'ajiyarsa, komai ya yi nauyi. In kuma abin ya fi tsanani da rana a watan Maris da Afrilu, nemi saƙon zafi a dmesg, ka buɗe akwatin ka hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka.

In sabar haya ce a waje, kalli ginshiƙin st a vmstat ko top, mai nuna lokacin CPU da aka ƙwace wa sabarka. In yana hawa a lokacin tsayawar, maƙwabcinka ne a na'urar ke cinye rabonka, maganin kuma sauya tsari ko mai haya ne. Netdata ya dace a nan saboda awonsa na kowace daƙiƙa.

In kana iya tayar da matsalar da hannunka, misali duk sanda aka danna buga rasit, yi amfani da strace bayan an tashi aiki, kan ma'aikaci ɗaya, na ɗan lokaci.

In atop ya nuna saba shiru, kundin manhaja bai ce komai ba, kanel ɗinka kuma sabo ne, lokacin offcputime da ext4slower ya yi. Ɗora su ka gwada tun ranar lafiya.

In sabobinku sun kai biyar ko fiye, ko kuna da cibiyar jarrabawa da tsayawar minti ɗaya ke tayar da hankalin ɗalibai ɗari, ware ƙaramar na'ura ga Prometheus ko Zabbix, amma ku bar atop a kan kowace saba, don shi ke da sunan aikin da ya yi laifi.

Masu Windows Server, tsarin ɗaya ne. Performance Monitor na iya ajiye awo cikin fayil dare da rana, shi ne madadin sar. A Resource Monitor akwai zaɓin Analyze Wait Chain da ke nuna wanda aiki ke jira. ProcDump na Sysinternals kuma ana iya barinsa yana gadi ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manhaja idan sharaɗin da ka sa ya cika. Ajiye fayilolin da yake fitarwa a faifai mai fili, domin kowanne na iya kai girman RAM ɗin da manhajar ke riƙe da shi.